Tarihin Ɗigon Jini Daga Bakin Yatsa

Da wuya a sami wanda bai taɓa miƙa yatsa a asibiti an goge da sifirit, an soka tsini, an ɗauki ɗigon jini ba. Wannan ɗan ƙaramin aiki yana da tarihi na fiye da shekara 140, kuma ƙasarmu na da nata kaso a ciki.

A shekarar 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran, a asibitin soja na garin Kusantina a Aljeriya, ya duba ɗigon jinin wani soja mai zazzaɓi a madubin likita, ya ga ƙwayoyin cuta suna motsi. Kafin nan Turawa sun ɗauka iskar fadama ce ke kawo zazzaɓin. A 1897 Ronald Ross, a Indiya, ya gano ƙwayar a cikin sauro, sa'an nan a 1904 Bajamushe Giemsa ya fito da rinin da ke sa ta fito fili a kan gilashi. Har yau da wannan rini ake aiki a ɗakunan awo.

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a gundumar Garki, wadda take cikin Jihar Kano a lokacin, yanzu kuwa Jigawa. Duk bayan mako 10 ma'aikata su shiga ƙauyuka su ɗauki jini a yatsun mutane, manya da yara. An yi feshin maganin sauro a ɗakuna, an raba magani, cutar ta ragu ƙwarai, amma da aka dakata sai ta dawo. Masana na duniya har gobe suna dogara da abin da yatsun manoman Garki suka nuna.

Sauran cututtuka ma sun amfana. A farkon shekarun 1960 Robert Guthrie na Amurka ya fito da dabarar ɗiga jinin diddigen jariri a kan takarda mai tsotsa, ya bushe, a aika da shi awo, kuma da irinta ake gano sikila tun jariri yana zanen goyo. Ana sokar diddige ne domin ƙashin yatsan jariri yana kusa da fata. A wajajen 1970 kuma aka sami na'urar farko ta auna sukari da ɗigo guda.

Aikin yana da ƙa'ida. Ana sokar gefen yatsan tsakiya ko na zobe, ba a matsa shi da ƙarfi, domin ruwan jiki kan gauraya da jinin ya ɓata sakamako. Tsini kuwa sau ɗaya tak ake amfani da shi, saboda ciwon hanta da ƙanjamau.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma gwajin gaggawa na yanzu minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Duk da haka yawancinmu, da jiki ya yi zafi, sai kemis. Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba; yaro yana iya fama da taifot ko ciwon huhu alhali ana ɗura masa maganin da ba nasa ba, lokaci yana ƙurewa. Mu da muka yi karatu, a gare mu iyalai da maƙwabta ke neman shawara. Idan an tambaye mu, mu ce a kai yaro a duba jininsa tukuna.