La'adar Fatoma a Illo

Kakana fatoma ne a Illo, inda fataken goro ke sauka bayan sun haye Kwara, kafin su shiga Bargu su nufi Gwanja. Shi ke ba su masauki, ya nemo dillali, ya tsaya wa baƙo kan bashi. La'adarsa daga cinikin take fita.

Haka ma ejan-ejan na tikitin jirgin sama suka rayu da la'ada, har kamfanin Delta na Amurka ya rage kamashonsu a 1995, ya soke shi a 2002. Yanzu fasinja ke biyansu.

Ni dai ban ga asara a kuɗin da ake biyan mai shiga tsakani ba. A kasuwar Lolo, baƙon da bai jin Dandanci, bai san canjin sefa ba, har yau mai masauki yake fara nema.