Ƙaramar mota, jakin zamani

Ya kai mai karatu, ka san jaki ba ya cin abin da doki ke ci, amma shi ke kai gero kasuwa. To, cikin motoci ma akwai jaki. Ga labarinta.

A shekarar 1948, a birnin Pari na ƙasar Faransi, kamfanin Citroën ya fito da wata 'yar mota mai suna 2CV. Ma'anar sunan ita ce "doki biyu". Don manoma aka ƙera ta. Shugaban kamfanin ya ce yana son motar da za ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa, da kwandon ƙwai a ciki, ko ɗaya bai fashe ba.

Injinta ƙarami ne ƙwarai. Cikinsa bai kai rabin lita ba. Ba ya bukatar ruwa, iska ke sanyaya shi. A ƙasa irin tamu mai zafi da ƙarancin ruwa, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Mutane sun yi mata dariya da fari. Amma a 1973 motoci 60 irinta suka tashi daga Abijan, suka shigo Nijar, suka keta rairayin Tenere har Tunis. Tafiyar ta kai kilomita 8000. Mota marar nauyi ba ta saurin nutsewa cikin yashi. In ta kafe, mutum uku ko huɗu sun isa su tura ta.

Cikin wannan shekara ta 1973 kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Masu manyan motoci suka ji jiki, mai ƙaramar mota kuwa ya ci gaba da harkarsa.

Ba ita kaɗai ba ce. Renault 4 ta fito a 1961, an ƙera fiye da miliyan 8. Peugeot 404, wadda muke kira Fijo, ta fito a 1960. Injinta ya fi na waɗancan girma, amma bai kai lita biyu ba. A 1975 aka buɗe masana'antar Fijo a Kaduna. Tambayi dattawan Matamai, za su ba ka labarin yadda Fijo ta yi ta jigilar mutane da kaya tsakanin Damagaram da Daura da Kano.

An daina ƙera 2CV a 1990, amma darasinta yana nan. A 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, kayan gyaran mota suka yi tsada. A 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, mu ma da ke bakin iyaka muka gani a aljihunmu.

Gaskiya ne, ƙaramar mota ba ta da gudu, ba ta ɗaukar buhu ashirin. Kayan gyaran tsofaffin kuma sun yi wuya yanzu. Saboda haka in Allah ya hore maka abin sayen mota, kada ka dubi girmanta. Yi tambaya uku: lita nawa take sha daga nan zuwa Damagaram? Makanikin garinmu ya iya gyaranta? Ana samun kayanta a kusa?

Sayen mota na rana ɗaya ne, ciyar da ita kuwa kullum ne. Daidai ruwa, daidai tsaki.