Gadagi a Matsayin Shimfiɗar Ƙasa a Gindin Ganuwar Ƙofar Nassarawa: Nazarin Shuka Shi Daga Iri

Tsakure

Maƙalar ta duba yiwuwar rufe tsiraicin ƙasar da ke kewaye da ragowar ganuwa a Ƙofar Nassarawa da gadagi, ta hanyar shuka iri maimakon dashe. Ta dogara da bayanan masana tsirrai da kuma yanayin damina da rani na Kano.

Gabatarwa

Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwar Kano, kuma a 2007 aka shigar da ita jerin wucin gadi na wuraren tarihi na UNESCO. A Ƙofar Nassarawa, kwalta da gadar sama da gine-gine sun matse abin da ya rage. Ruwan Agusta ba ya samun inda zai nutse, sai ya bi ta ƙasar da ba ta da rufi, ya ci gindin badala. Furannin da ake sayarwa a leda a bakin titi suna da kyan gani, amma galibinsu dashe ne masu neman ban-ruwa tun daga hunturu har bazara. Wa zai ɗauki wannan ɗawainiya shekara da shekaru?

Tsiron

Tun 1916 J. M. Dalziel ya rubuta gadagi a ƙamusunsa na sunayen tsirrai na Hausa. Dangin wake ne, yana yaɗo a ƙasa, da ƙananan ganye da fure ja mai sirkin shunayya. Ƙulle-ƙullen da ke saiwarsa suna tara naitirojin, don haka ba ya neman taki sosai. Masu doki sun daɗe da saninsa a matsayin abincin dabba, mutanen birni kuwa sun fi jin sunansa wajen masu shayi.

Sai dai a lura, gadagi ba nau'i ɗaya ba ne: Alysicarpus vaginalis shi ne mai iya ƙetare shekara, Alysicarpus ovalifolius kuwa da damina ɗaya yake ƙarewa. Wanda zai tara iri dole ya tantance wanne ya ɗebo. Ko mai daɗewar ma, idan rani ya tsananta, yakan bushe ya bar irin da ya zubar ya gaje shi.

Shuka daga iri

Nan ne aikin yake. Kwanson gadagi siriri ne mai gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƙwaya ɗaya. Ana tsinke shi bayan ɗaukewar ruwa, a shanya, a murje. Ƙwayar tana da ɓawo mai tauri da ke hana ruwa shiga, shi ya sa wanda ya watsa ta haka nan zai ga tsiro jefi-jefi. Maganinsa a goga irin a kan dutse mai kaushi har ƙyallin ɓawon ya dusashe, ba tare da an fasa ƙwayar ba. A ra'ayin wannan maƙala, kada a goge duka: a bar wani kaso da ɓawonsa, domin shi zai tsiro daga baya idan ruwan farko ya yi ƙafa.

Da yake ƙwayar ƙanana ce, a gauraya ta da yashi a yafa, a ja ƙasa kaɗan a rufe, a danne da tafin ƙafa. Zurfi yana kashe ta. Lokacin da ya dace shi ne bayan damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Gadagi ba ya jure kwanciyar ruwa mai tsawo, saboda haka bakin kududdufi ba wurinsa ba ne.

Jikin ganuwar kansa ba wurin shuka ba ne, domin saiwa da danshi suna ruɓar da ginin ƙasa. A bar tazara daga gindinta, sannan a kewaye fegin da ƙaya a makonnin farko, tun da awakin unguwa ba za su bar ɗanyen gadagi ya kafu ba.