Laifin Wa? Nazari Kan Zango na Shida na My Hero Academia

Fim mai dogon zango yakan yi wa masu kallo alkawura da yawa tun yana sabo, kuma ba a sanin ko marubucinsa da gaske yake sai an yi nisa. My Hero Academia, labarin zane da Kohei Horikoshi ya fara fitarwa a mujallar Weekly Shonen Jump ta Japan a shekarar 2014, wanda kamfanin Bones ya mayar da shi zanen motsi na talabijin a 2016, ya kai wannan matsayi ne a zangonsa na shida. An nuna wannan zango daga Oktoban 2022 zuwa Maris na 2023, kashi 25, ƙarƙashin darakta Masahiro Mukai. Ra'ayin da wannan maƙala za ta kare shi ne: zango na shida ya fi duk waɗanda suka gabace shi ƙarfin hali, domin ya gurfanar da jarumai kansu a gaban shari'a, amma da lokacin yanke hukunci ya zo sai ya ja da baya.

Ga wanda bai san labarin ba, duniyarsa ita ce wadda kusan kashi 80 cikin ɗari na mutane ake haifarsu da wata baiwa ta musamman: wani yana hura wuta, wani yana tashi sama, wani jikinsa ya ɗauki siffar dabba. Jarumta ta zama sana'a mai lasisi da albashi da jerin gwanaye, akwai kuma hukumar gwamnati da ke kula da ita. Izuku Midoriya, wanda ake kira Deku, an haife shi ba tare da baiwa ba, sai babban gwarzo All Might ya gadar masa da ƙarfin da ake kira One For All, ya shiga makarantar horar da jarumai ta U.A. Zanguna biyar na farko galibinsu gasa ce, da jarrabawa, da koyon aiki, ana yi ana tsarma harin miyagu. A zango na shida babu aji, babu gasa. Yaƙi ne tun daga kashin farko, jarumai sun kai samame biyu a lokaci guda: ɗaya a asibitin Jaku inda likita Kyudai Garaki ke ƙera dodannin Nomu, ɗaya a gidan dutsen Gunga inda rundunar shugaban miyagu Tomura Shigaraki ta yi sansani.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a rabin farko ba girman faɗan ba ne, ko da yake fafatawar jaruma Mirko da dodannin asibiti, har ta rasa hannu ba ta tsaya ba, tana cikin mafi kyawun abin da Bones ya zana a jerin. Abin da ya fi nauyi shi ne abin da ya faru a ɗaki guda tsakanin mutum biyu, Hawks da Twice. Twice, wanda sunansa na yanka Jin Bubaigawara, maraya ne da ya rasa aikinsa yana matashi bayan wani haɗarin babur, kaɗaici ya sa ya riƙa ninka kansa da baiwarsa don ya sami abokan hira, har ninkin suka kashe juna a gabansa, ya daina sanin ko shi ne na asali. Ba wanda ya karɓe shi sai ƙungiyar miyagu. Hawks kuwa jarumi na biyu ne a ƙasar, ɗan leƙen asirin hukuma, ya shiga jikin Twice da fuskar abota. Da asiri ya tonu ya ba shi damar miƙa wuya, ya ce zai taimake shi ya sake rayuwa. Twice ya ƙi, domin ba zai ci amanar waɗanda suka riƙe shi ba. Hawks ya soke shi ta baya.

Hikimar wannan fage ita ce bai bar wa mai kallo mafita ba. Hawks yana da hujja: mutumin da zai iya ninka kansa da abokansa ba iyaka, in aka bar shi, ƙasar gaba ɗaya ta tafi. Amma wanda ya cika amana a ɗakin nan shi ne mugun, wanda ya yi yaudara shi ne jarumin. Ƙari a kan haka, labarin ya nuna cewa Hawks da kansa ɗan mai laifi ne da ya tashi cikin talauci da duka, hukuma ta ɗauke shi tun yana yaro ta raine shi ya zama makaminta. Yara biyu ne da gida bai riƙe ba. Ɗaya gwamnati ta tsince shi saboda fukafukansa suna da amfani, ɗaya aka bar shi a titi. Wannan ita ce tuhumar da labarin ke ginawa tun zango na biyar, inda aka nuna Shigaraki yana ƙaramin yaro, Tenko Shimura, yana yawo a gari da jini a hannu, jama'a na kauce masa, kowa yana cewa a ransa wani jarumi zai zo ya taimake shi. Al'ummar da ta mayar da taimako aikin masu lasisi ta sauke wa kanta nauyin maƙwabtaka. A nan ne Horikoshi ya wuce yawancin takwarorinsa a Jump.

Sai kuma gidan Todoroki, wato iyalin jarumi Endeavor, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan zangon. A tsakiyar yaƙi Dabi, ɗaya daga cikin miyagun, ya wanke baƙin rinin gashinsa, ya bayyana cewa shi ne Toya, babban ɗan Endeavor, jarumi na ɗaya, wanda aka ɗauka ya ƙone ƙurmus a dutsen Sekoto yana ɗan shekara 13. Bai tsaya ga mahaifinsa ba, ya sa aka watsa bidiyo a faɗin ƙasa yana ba da labarin yadda Endeavor ya auri mahaifiyarsu Rei don haɗa baiwar wuta da ta ƙanƙara, da yadda ya mayar da 'ya'yansa kayan gwaji don ya zarce All Might. Ya haɗa da hoton kisan Twice. Muryar Hiro Shimono, mai yi wa Dabi magana, a wannan kashi, dariya da kuka a cuɗe, ta ba fagen abin da takarda ba ta iya bayarwa. Amma inda na fi jinjina wa zangon shi ne abin da ya biyo baya a ɗakin asibiti. Rei, wadda ta shafe kusan shekara goma a kwance a asibiti bayan ta watsa wa ƙaramin ɗanta Shoto ruwan zafi saboda ƙuncin da mijinta ya jefa ta, ta shigo da ƙafarta ta tarar da shi yana kuka, ba ta lallashe shi ba. Aka baje tarihin gidan: Toya ya gaji wutar da ta fi ta ubansa zafi amma jikinsa na uwarsa ne, mai jure sanyi ba zafi ba, don haka duk lokacin da ya kunna ta kansa yake ƙonawa; uban da ya cusa masa burin ya juya masa baya maimakon ya zauna da shi. Natsuo, ƙanen Toya, bai yafe ba, kuma labarin bai tilasta masa ba. Endeavor ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa gaskiya ne. Da wuya a ga shirin da ake nuna wa matasa da yammacin Asabar ya bi zaluncin cikin gida da irin wannan natsuwa, ba tare da ya wanke azzalumi ko ya mayar da shi dodo ba.

To, daga nan ne rauni ke farawa, kuma na farko shi ne batun mutuwa. An rushe birnin Jaku, ƙaton mugu Gigantomachia ya bi ta kan garuruwa ya niƙe su, an ce jarumai da yawa sun faɗi. Amma su wa? Crust, X-Less, Majestic, sunayen da mai kallo bai zauna da su ba. Midnight kaɗai ce fuskar da aka sani tun farkon labari, malama a U.A., kuma ba a nuna ƙarshenta ba, ɗalibanta ne suka tarar da gawarta, aka yi ɗan kuka aka wuce. A ɗaya ɓangaren, Gran Torino, tsohon jarumi, an huda masa ciki ya rayu. Bakugo, ɗan ajin Deku, ya tare masa suka, ya rayu. Jarumi Best Jeanist da aka ɗauka ya mutu ya diro daga jirgi. Ɗalibi Mirio da ya rasa baiwarsa a zango na huɗu, rashin da ya ba wancan zango darajarsa, ya dawo da ita a daidai lokacin da ake buƙata. Ban da Mirko, Malam Aizawa ne kawai, da ya datse ƙafarsa da kansa don kada harsashin goge baiwa ya bi jininsa, ya biya farashin da ake ji a jiki. Idan yaƙi ya saba mayar da abin da ya ƙwace, mai kallo yakan daina tsoro, kuma labarin da yake son a yarda duniya ta rushe ba zai iya rayuwa da mai kallon da ba ya tsoro ba.

Na biyu ya fi wannan girma. Bayan yaƙi gidan yarin Tartarus ya fashe, jarumai irin su Death Arms sun ajiye aiki saboda zagin jama'a, fararen hula sun ɗauki makamai suna kare kansu suna ƙara ɓarna. Deku ya bar makaranta, yana yawo shi kaɗai cikin ruwan sama, tufafinsa a yage, ba barci ba wanka, har waɗanda yake ceto suna jin tsoronsa. Launin shirin ya koma toka-toka, kiɗan Yuki Hayashi ya yi sanyi. Wannan ɓangare, wanda ya kamata ya zama zuciyar labarin gaba ɗaya, bai kai sulusin zangon ba. A cikinsa aka kawo Lady Nagant, tsohuwar jaruma da hukumar ta riƙa aikawa ta kashe mutane a ɓoye don kada sunan jarumai ya ɓaci, har ta gaji ta harbe shugaban hukumar. Ita ce shaida mafi ƙarfi da aka taɓa kawowa kan tsarin: ba wai ya gaza ba, a kan jini aka gina tsabtarsa. Kashi biyu aka ba ta. Deku ya amsa mata da cewa duniya ba fari da baƙi ba ce, ya nuna mata kyakkyawar zuciyarsa, ta sauko, sai All For One, babban mugun labarin kuma ubangidan Shigaraki, ya tayar da bam ɗin da ya dasa a jikinta. Da wannan fashewa tambayar ta tashi daga kan hukuma ta koma kan mugu ɗaya tilo.

Wannan ita ce dabarar da ke cin zangon daga ciki. Duk inda aka bi sawun laifi har ya kusa isa ƙofar gwamnati ko ta jama'a, sai a tarar da All For One tsaye a wurin. Shigaraki, wanda aka shafe zanguna biyar ana gina shi a matsayin ɗan da al'umma ta yasar, da ya farka da ƙarfinsa sai tsohon ubangidansa ya fara mamaye jikinsa. Mai ƙara ya zama abin tausayi, wanda ake tuhuma ya zama shaiɗan, shaiɗan kuwa ba a gyara doka dominsa, dukansa ake yi. Kisan Twice ma bai jawo wa Hawks wata shari'a ba bayan neman afuwa a taron 'yan jarida, kuma wanda ya karanta littafin har ƙarshensa a 2024 ya san cewa shi ne ya zama shugaban hukumar. Alan Moore da Dave Gibbons sun yi irin wannan tambaya a Watchmen tun 1986, suka bi ta har inda ba daɗi. Za a ce ba adalci ba ne a auna mujallar samari, wadda aka san ta da abota da ƙoƙari da nasara, da ma'aunin littafin manya. Na yarda da rabin wannan. Amma Horikoshi ne ya zaɓi ya buɗe wannan ƙofa, kuma gidan Todoroki ya tabbatar da cewa yana iya shiga har ƙurya in ya so.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sai an daɗe a kansu ba. Yawan waiwaye da maimaita abin da ya faru a makon jiya yana rage wa yaƙin gudu. Baiwowin magabatan da suka riƙe One For All, waɗanda suka yi ta buɗe wa Deku, bulala, shawagi, jin haɗari, hayaƙi, sun mayar da yaron da aka so saboda dabararsa ta amfani da ɗan abin da yake da shi ya zama rumbun makamai. Ɗaliban aji 20 ne, amma mafi yawansu sun zama 'yan rakiya.

Duk da haka ba zan rage wa ƙarshen zangon komai ba. 'Yan ajinsu sun bi Deku har suka kamo shi, ba da ƙarfi ba, da tuna masa abin da ya yi wa kowannensu. Bakugo, wanda ya zalunce shi tun suna yara, ya sunkuyar da kai ya nemi gafara, ya kira shi da sunansa na gaskiya. Da 'yan gudun hijira da ke fake a U.A. suka ce ba za su zauna da shi ba don shi miyagu ke nema, Ochaco Uraraka ta hau rufin gini da lasifika ta roƙe su su bar shi ya huta, ta tuna musu cewa yaro ne ɗan makaranta. Wanda ya fara rugawa wurinsa ƙaramin yaro ne, Kota, tare da wata doguwar mace mai siffar dabba da matsugunai suka yi ta korarta saboda kamanninta. Wannan amsa ce ta gaskiya ga labarin Tenko: jama'a su daina jiran jarumi, su miƙa hannu da kansu. Ta amsa laifin jama'a. Ba ta taɓa laifin hukuma ba, ba ta kuma amsa wa Twice da Nagant ba.

Hukuncina shi ne zango na shida ya fi kowane zango da ya gabace shi, kuma kashin gidan Todoroki da na Twice sun isa a koyar da su a ajin nazarin wasan kwaikwayo. Amma shari'ar da ya buɗe wa tsarin jarumai bai rufe ta ba, ya ɗage ta ne ya tafi yaƙi na gaba.