Tarihin Ƙugiyar Hawan Dutse

Ƙugiyar hawan dutse ɗan ƙarfe ne lanƙwasasse, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Inda bangon dutse ya zama sumul, babu tsagar da za a kafa turke, sai mai hawa ya rataye ta a ɗan leɓen dutse, ya maƙala mata tsanin igiya, ya taka. Nauyinsa kaɗai ke riƙe da ita. Da zarar ya ɗaga, sai ta saki.

An yi saɓani kan mafarinta. Wasu suna komawa ga John Salathé, maƙeri ɗan asalin Suwizalan, wanda ya hau Lost Arrow a kwarin Yosemiti na Kalifoniya tare da Anton Nelson a 1947. Wasu kuma suna fara lissafi daga Yvon Chouinard, wanda ya soma ƙira a 1957, kuma ƙugiyarsa Cliffhanger ta bazu ko'ina. Maganar farko ta fi ƙarfi in gwaji ake nufi, ta biyu in kasuwa ake nufi.

Shekarun 1970 ne suka fito da darajarta, da kuma rigimarta. Daga Oktoba zuwa Nuwamban 1970 Warren Harding da Dean Caldwell suka yi kwana 27 a bangon El Capitan, dutsen da ya kai kimanin mita 900, suka huda ramuka wajen 330. Dabarar Harding ita ce a huda rami marar zurfi, a goge bakin ƙugiya ya yi tsini, a soka ta ciki a wuce. Hakan ya fi kafa ƙusa sauri, amma dutse dai an hude shi. Royal Robbins ya fusata, ya hau a 1971 tare da Don Lauria don cire ƙusoshin da Harding ya kafa, sai dai wahalar hanyar ta sa ya ga girman aikin, ya dakata. Bayan shekara bakwai Jim Bridwell da Dale Bard da Dave Diegelman suka buɗe hanyar Sea of Dreams, inda mutum kan tafi daga ƙugiya zuwa ƙugiya ba tare da abin da zai tare shi ba idan ya suɓuce. Wannan ya fi na Harding tsabta nesa ba kusa ba.

Zaɓen ƙugiya kuwa siffar dutse ce ke yanke shi. Cliffhanger ta dace da matsakaicin leɓe. Ɓallin dutse mai kauri sai mai faɗin baki, irin Grappling Hook. Ɗan ƙaramin gefe ko rami sai masu tsini na Ed Leeper, wanda kuma aka san shi da wata mai shiga tsaga a kwance, ta murɗa ta cije. Ita kan fasa dutse mai laushi, don haka ake guje mata a wurin. Talon ta kamfanin Black Diamond, magajin kamfanin Chouinard tun 1989, baki uku gare ta, kowanne da girmansa. Mutumin Kankiya ko Kusada da ya taɓa ciro guga daga rijiya zai gane hikimar: in wannan bakin bai kama ba, wancan zai kama.

Gwani yakan ɗora nauyinsa a hankali, ya sunkuyar da kai, don ƙugiyar da ta fizge fuska take nema.

A 1982 Richard Jensen da Mark Smith suka yi kwana 39 suna buɗe hanyar Wings of Steel, galibi da ƙugiya. Mahayan Yosemiti suka zarge su da yawan huda, har aka sauko musu da igiyoyi. Ba a maimaita hanyar ba sai 2011, lokacin da Ammon McNeely da Kait Barber suka hau, suka tabbatar da wahalarta.