Dillancin Gidaje a Sabon Tasha ta Kaduna: Daga Bakin Inuwa zuwa Intanet

Kalmomin nan biyu, dillali da la'ada, daga Larabci Hausa ta aro su. Asalin ta biyun kuwa shi ne al'ada, watau abin da aka saba bayarwa ga wanda ya haɗa ciniki. Wannan ya nuna sana'ar ta girmi birnin Kaduna nesa ba kusa ba. A cikin littafinsa na 1969 a kan Sabo ta Ibadan, Abner Cohen ya bayyana yadda fataken shanu ke sauka wurin maigida, dillalansa su nema musu mai saye, shi kuma ya tsaya lamuni. Jarin dillali a can sanayya ce da amana.

Da Gwamna Lugga ya maido hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sai baƙi suka yi ta kwararowa cikin ƙasar Gbagyi. Masaƙar Kakuri ta 1957 da matatar man fetur ta 1980 suka ƙara jawo ma'aikata kudancin kogi, inda Sabon Tasha ta ke a kan hanyar Kachia. Baƙo kuwa, ko da kuɗi a hannunsa, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Dillalin wancan zamani ya kan zauna a inuwar da aka san shi, ko kuwa ya kafa allo ya rubuta ɗakunan haya da alli. Labarin mai nema ya kan zo masa ta bakin mai shayi, da magina, da direbobin tasha, da masu unguwa.

Rikicin Shari'a na 2000 da tarzomar 2002 su ne suka sāke wa sana'ar fuska. Kirista da yawa suka ƙaura zuwa kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewa, aka yi ta sayar da gidaje cikin gaggawa, har da musanye. Daga nan mai nema ba kuɗin haya kaɗai ya ke tambaya ba, har da ko zai kwana da ido rufe a unguwar. Saboda haka coci da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suka zama manyan hanyoyin samun abokan ciniki.

Wayar salula ta zo a 2001, lambar dillali ta hau bango da ƙyauren gida. Bayan wannan Facebook da WhatsApp da Jiji suka ba shi damar nuna hoton gida ga wanda ke Abuja ko Ingila. Amma fa hoto ba ya tsayawa lamuni. 'Yan damfara su kan saka gidan da ba nasu ba, su karɓi kuɗin dubawa, su ɓace. Shi ya sa a kan ga an rubuta a bangon gida cewa ba na sayarwa ba ne. Mai hankali ya kan kai takardun fili hukumar KADGIS a bincika tukuna, tun da ya ke dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna.

Intanet dai ta faɗaɗa wa dillali kasuwa, amma har wa yau wanda ya taɓa zaunar da mutum lafiya, shi a ke aika wa ɗan'uwa in ya tashi neman gida.