Motar kakana da 'yan gwangwan suka taya

1/ Jama'a, yau zare ne a kan wata tsohuwar mota da ta shekara kusan 40 a ajiye a bayan gidanmu a Wudil, kaji na ƙwai a cikinta. Saura ƙiris mu sayar da ita a kan kilo. Ku biyo ni.

2/ Sunanta Morris Minor 1000, ƙirar Ingila, irin mai rufin tamfol da ake naɗewa baya a sha iska. An fara ƙera Morris Minor a 1948 a Cowley, gefen Oxford. Wanda ya zana ta, Alec Issigonis, shi ne ya zo ya zana Mini a 1959.

3/ Ita ce motar Ingila ta farko da aka ƙera guda miliyan ɗaya. Amma masu buɗaɗɗen rufi ba su kai masu rufin ƙarfe yawa ba. An daina yin su a 1969, sauran kuma zuwa 1971 duk an daina.

4/ Yadda ta zo gidanmu: wani Bature malamin makaranta ne ya shigo da ita. Da zai koma gida, kakana ya saye ta da kuɗin gyaɗa. Lokacin fam ake kashewa, naira sai 1973 ta zo. Kakata ta ce ranar Juma'a, in kasuwa ta ci, yara har gada suke bin ta da gudu.

5/ To me ya kashe ta? Sitiyarinta a dama yake, don a da a hannun hagu ake tuƙi kamar Ingila. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma hannun dama. Sai ga Peugeot an fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Kayan gyaran motocin Ingila suka yi wuya, masu su suka yi ta jinginewa.

6/ Bayan rasuwar Alhaji ta shiga gado. Ba mai so, ba mai yarda a taɓa. Bara 'yan gwangwan suka zo suka taya, har an fara ciniki. Kakata ce ta fito ta ce, “In kun sayar, ku haɗa da ni.” Shiru kake ji.

7/ Muka kai wa wani dattijon bakanike a Kano. Ya duba ya ce injin da sauransa, tsatsa ce matsalar, ta cinye ƙasan bodi. Mai walda ya yi sati uku. Wasu kayan mun samu a Ƙofar Ruwa, na birki da kafireta sai daga Ingila, don har yau ana yin sababbi a can. Rufin kuwa mai ɗinkin kujerun mota ne ya yanka mana.

8/ Ba mu gama ba, saura fenti da wayoyin wuta. Amma ranar da ta tashi, wallahi tsohuwa kuka ta yi.

9/ Abin da ke damuna: motoci nawa irin wannan aka narkar aka yi rodi? In akwai a gidanku, kafin a kira mai sikeli ku ɗauki hoto, ku nemo takardunta, ku rubuta lambar bodinta, ku zauna da tsofaffi su ba ku labarinta. Ku turo min hotunan a ƙasa, ina tarawa.